Jan Kunne Ga Masu Tura Yara Cikin Rumbu Da Sito

 Ya 'yan'uwana fatake da dillalai da masu sito, kun saba duba wannan takarda don ku ga yadda buhun masara da dawa da gero ya kwana. Yau ku ba ni aron hankalinku a kan abin da ba a yi masa ciniki, wato ran yaron da muke turawa cikin hatsi.

Ku sani ajiya ta sauya. Iyayenmu rumbun ƙasa suka sani da na kara, wanda ba ya wuce damin gida ɗaya. Yanzu ga rumbun ƙarfe mai tsawon bene a masana'antun shinkafa da na abincin kaji, ga na gwamnatin tarayya, wanda a shekarar 2018 ta amince a ba 'yan kasuwa hayar waɗansu daga cikinsu. Kayanmu na Dawanau can suke zuwa, kuma yaranmu ne leburorin wurin. Don haka maganar tamu ce.

Fasali na farko: hatsi yana haɗiye mutum

Rumbun ƙarfe ta ƙasa ake kwashe shi. Akwai ƙofa a tsakiyar gindinsa, da inji mai murɗaɗɗen ƙarfe da yake jan hatsin waje. Da an kunna, sai saman hatsin ya lotsa kamar mazurari, duk abin da yake bisa ya gangara tsakiya. Wanda yake tsaye a kai, cikin sakan 4 ko 5 ya nutse zuwa gwiwa, daga nan ba shi iya fitar da kansa, kuma kafin minti ɗaya ya cika hatsin ya rufe shi ruf. Kada ƙarfi ya ruɗi kowa. Ramin da zurfinsa da faɗinsa da tsawonsa mita ɗaya ɗaya ne yana cin masara kimanin kilo 700, wato buhu 7. Duk sanda mutum ya fitar da numfashi sai hatsin ya ƙara matse ƙirjinsa, har ya rasa inda zai ja wani.

Ko inji a kashe yake akwai tarko biyu. Hatsin da aka zuba da danshi yana yin fumfuna, samansa ya daskare ya yi ɓawo. In an ɗebi na ƙasa sai kogo ya zauna ƙarƙashin ɓawon, mai kallo daga sama ya ga kamar daɓe, ya taka, ya rufta. Na biyun shi ne wanda ya manne a jikin bango ya yi tsayi. Yaro ya tsaya a gindinsa yana zungura, sai ya zubo masa gaba ɗaya.

A ƙasar Amurka, inda wannan irin rumbu ya fi yawa, a watan Yuli na 2010 an tura samari cikin rumbun masara a jihar Ilinoyi su tattaka ta don ta gangara, alhali inji yana ja. Biyu suka rasu, ɗan shekara 14 da ɗan shekara 19, na ukun sai bayan sa'o'i aka ciro shi da rai. Ƙasar da take da kayan ceto ke nan, balle mu.

Fasali na biyu: ƙura tana kama wuta

Ƙurar hatsi in ta tashi ta cika wuri rufaffe, tartsatsi ɗaya ya ishe ta, sai ta tashi kamar albarushi. Fashewar farko takan girgiza ƙurar da ta kwanta a kan ƙarafa da rufi, ita kuma ta kama, ta biyun ta fi ta farko ɓarna. A watan Disamba na 1977 wani babban rumbun bakin ruwa ya fashe a jihar Luwiziyana ta Amurka, mutum 36 suka mutu. Bayan kwana 5 wani ya fashe a jihar Teksas, mutum 18 suka tafi. Saboda haka ba sigari, ba ashana, ba aci-balbal a inda ake juye hatsi ko niƙa shi. Mai walda kada ya taɓa jikin rumbu sai an kashe inji an share ƙura. Wayar lantarki da ta zage a gyara ta. Mai aiki cikin ƙura ya sa takunkumi, don ƙurar fumfuna tana kawo tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi.

Fasali na uku: iskar da ba a gani

Hatsi yana numfashi, ƙwarin cikinsa ma haka. In wuri ya daɗe a rufe, musamman da danshi, sai su cinye iskar da rai yake bukata su bar mai nauyi ta kwanta a ƙasa, irin wadda take kashe mahaƙa a tsohuwar rijiya. Mutum ya sauka lafiya lau, sai jiri, sai faɗuwa. Ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. A buɗe, a kunna fanka, a bari iska ta ratsa tukuna.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ƙwayar nan da muke ce wa bom, mai zuwa cikin gwangwani, irin su Phostoxin. Da ta sha danshin iska sai ta fara fitar da guba. Ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na gubar, kuma abin da ya kashe ƙwaro a tsakiyar buhu ba zai bar mutum ba. Wani lokaci akan ji warinta kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kada a dogara da hanci. Alamominta ciwon kai, da jiri, da amai, da ƙuncin ƙirji, kuma ba ta da makari, taimakon numfashi kawai likita zai yi.

Ni kaina na taɓa sa ta a wake da la'asar na kulle sito na tafi gida, na manta maigadina yana kwana a ɗakin da bango ɗaya ya raba su, ga tsaga a bangon. Da asuba aka same shi yana amai, bai san inda kansa yake ba. Allah ya yi da sauran kwanansa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don da ya tafi ban san abin da zan gaya wa iyalinsa ba, balle Ubangijina. Kada a sa ta a ɗakin kwana ko maƙwabcinsa. A toshe ko'ina, a rubuta a ƙofa, a bar wurin a rufe kamar mako guda, sa'an nan a buɗe ya sha iska sosai kafin kowa ya shiga. Kada a zuba mata ruwa, tana iya kamawa da wuta. Tokar da ta bari a binne ta nesa da yara. Mai ajiyar wake kuwa ga buhun PICS mai riɓi uku, wanda yake shaƙe ƙwari ba tare da magani ba.

Fasali na huɗu: abin da za a yi

Kada kowa ya shiga rumbu inji yana aiki. A kashe, a sa kwaɗo a makunnin, mai shiga ya riƙe makullin a aljihunsa. In hatsi ya daskare a zungure shi daga sama da doguwar gora, mutum yana waje. In shiga ta zama dole, a ɗaura masa ɗamara da igiya a ƙarfe mai ƙwari, wani ya tsaya a bakin ƙofa ba shi da aikin komai sai kallonsa. Yara ƙanana ba su da abin yi a wurin. A sito kuwa a jera buhu a sarƙe bisa katako, a bar hanya tsakaninsa da bango, kuma a riƙa saukewa daga sama, kada a zare na ƙasa.

In ta auku, a kashe inji nan take, a kunna fanka, a nemi 'yan kwana-kwana. Kada jama'a su duru ciki, nauyinsu yana ƙara danne shi. Kada a fizge shi da igiya ko mota, bayansa zai karye hatsin bai sake shi ba. A kewaye shi da allunan katako ko duro da aka fasa gindinsa, a riƙa kwashe hatsin cikin da kwano har ya kuɓuta, sa'an nan a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

To, 'yan'uwa, ku duba ku gani, ɓawo da mannewa da fumfuna da muguwar iska duk uwarsu ɗaya ce, danshi. Busasshen hatsi da kansa yake gangarowa, ba ya bukatar a shiga. Masara ta ajiya danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'ura ya zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin cikin busasshiyar kwalba ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da shi rana. Mu da muke rububin saye da kaka, muna karɓar ɗanye don arha ko muna sayar da shi don nauyi, mu ne muke haƙa ramin da ɗan wani zai faɗa bayan wata uku. Riga-kafi ya fi magani, kuma amanar ɗan dako tana wuyan wanda ya sa shi aiki.

Allah ya tsare mu da yaranmu, ya sa albarka a cikin nemanmu, ya ba mu damina mai kyau. Wassalamu alaikum.