Ɗan Issa: Wane tsohon inji ne zai iya ɗaukar sufacaja a zafin Maraɗi?

Garin Ɗan Issa da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi shi ne babban zango na ƙarshe a ɓangaren Nijar kafin matafiyi ya tsallaka zuwa Jibiya ta jihar Katsina. Wanda ya saba bin wannan hanya ya san irin motocinta: tsofaffin Peugeot 504 da 505, waɗanda direbobi ke kira Fijo, an ƙara musu sifirin, an ɗaga bayansu, suna jan kayan da kamfanin da ya ƙera su bai taɓa tsarawa ba.

Sauya wa mota halitta tsohuwar sana'a ce a garejojin kan iyaka. Sai dai a da, duk gyaran na ɗaukar kaya ne. Yanzu wayar hannu ta shigo da wani sabon buri. Matasa na kallon bidiyon tsofaffin motocin da aka ɗora wa sufacaja a Amurka da Japan da Dubai, wasu kuma na da 'yan uwa a Aljeriya ko Libiya ko Saudiyya da za su iya aiko da kuɗin sayen inji. Tambayar da ke gaban mai irin wannan buri ita ce: wane inji zai saya?

Kuskure a nan yana cinye kuɗin guminsa ko na ɗan uwansa da ke ci-rani, kuma a kan titin da motocin haya da babura da amalanke ke rabawa, yana iya cin rai.

Mene ne aikin sufacaja?

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai da iska a cikin silinda. Injin da ba a taɓa ba yana zuƙar iska gwargwadon abin da fiston ya iya ja. Sufacaja famfo ne da ke tura ƙarin iska da ƙarfi, sai a ƙara mai daidai da ita, ƙarfin ya ƙaru. Bel ne ke juya shi daga karanshaf, shi ya sa yake amsawa da zarar an taka totur. Turbo ma iskar yake turawa, amma hayaƙin salansa ne ke juya shi, don haka yakan ɗan jira injin ya ɗauki wuta.

Dabarar ta girmi mota. A 1860 'yan uwa biyu, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar famfon iska a jihar Indiyana ta Amurka domin hura wutar narka ƙarfe. Kamfanin Daimler ne ya nuna motocin Mercedes masu sufacaja a baje kolin Balin na 1921, kuma har yau yawancin waɗanda ake ɗora wa tsofaffin motoci jikokin famfon Roots ne.

Idan sufacaja ya ƙara rabin matsin iskar da muke shaƙa, a lissafi injin zai samu ƙarin rabin iskarsa. A zahiri ribar ba ta kai haka ba, domin iskar da aka matsa tana zafi, shi ma famfon yana cin wani kaso na ƙarfin injin kafin ya juya.

Dalilin da ake son inji mai silinda a jere

Injin da silindoginsa ke layi ɗaya yana da tof silinda guda da gasket guda, kuma yakan bar fili a gefe inda za a kafa sufacaja a daidaita bel ɗinsa. Inji mai siffar V yana da kai biyu, salansa biyu, kuma ya cika gaban mota. Ga bakaniken da ke aiki a ƙarƙashin rumfa da sifana da jak, wannan bambanci babba ne.

Mai silinda shida a jere yana da wata falala: motsin fistoninsa yana kashe girgizar juna, shi ya sa yake tafiya sumul. Mai silinda huɗu ya fi girgiza idan ya ɗauki wuta, amma ya fi gajarta, ya fi sauƙin shiga ƙaramar mota, kuma bai kai shi shan mai ba.

Fijo: na gida, amma da sharaɗi

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a Najeriya har zuwa 2006, shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Wannan ne ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma da wuya a samu tsohon bakanike tsakanin Maraɗi da Katsina da bai taɓa kwance injinta ba.

Injin feturinta mai lita 2, wanda ake kira XN1, silinda huɗu ne a jere, an kwantar da shi gefe guda, kuma ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Matsin da fistoninsa ke yi wa mai da iska bai kai tara bisa ɗaya ba, wanda ke nufin yana da ɗan sarari na karɓar ƙarin iska. Wannan alheri ne ga mai son sufacaja.

Rauninsa yana wuri biyu. Na farko, silif ɗinsa irin wanda ake zarewa ne, ruwan lagireto na zagaye shi kai tsaye, kuma gasket ɗin sama ne ke danne shi. Injin da ya sha obahitin sau da yawa, aka yi ta goge kansa, zai fara haɗa ruwa da baƙin mai da zarar matsi ya ƙaru. Na biyu, kafireta ce ke ba shi mai. Kafireta ba ta san an ƙara iska ba sai an sake mata jet an gyara yadda take samun mai, kuma idan man ya yi kaɗan a lokacin da injin ke kan wuta, fiston ne ke narkewa.

Ita kanta Peugeot da ta tashi ƙara wa 505 ƙarfi da turbo a farkon shekarun 1980, ba ta yi amfani da XN1 ba. Ta ɗauko wani inji mai lita 2.2 da ta gada daga kamfanin Simca, ta sa masa injekta, ya ba da doki 150. Darasin a bayyane yake: Fijo za ta karɓi ƙarin iska kaɗan, amma wanda ke neman ninka ƙarfinta zai riƙa sayen gasket kamar goro.

Marsandi: wanda aka haifa da sufacaja

Daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Mercedes-Benz ya riƙa sayar da C230 Kompressor da SLK 230 da injin M111, mai silinda huɗu a jere da lita 2.3. Ba tare da sufacaja ba, injin na ba da doki 150. Da sufacajan Eaton, ya kai doki 193. Abin lura shi ne yadda kamfanin ya yi aikin: ya rage matsin fiston, ya sa na'urar sanyaya iskar kafin ta shiga inji, ya kuma tsara kwamfutar mota ta riƙa ja da wutar fulogi baya idan ta ji injin ya fara ƙwanƙwasa.

Ga mai gina mota a Ɗan Issa, wannan shi ne zaɓi mafi kusa da hankali, domin injiniyoyi sun riga sun yi lissafin da shi zai yi da ka. Sharaɗinsa a sayo shi cikakke: inji, sufacaja, wayoyi, birenbos da makullinsa, domin motocin wannan zamani na da tsarin hana sata da ba ya barin inji ya tashi idan kwamfutar ba ta gane makulli ba. Sannan sai an samu mai gyaran wayoyin mota da ya iya karanta shi, wanda sau da yawa ke nufin tafiya Maraɗi ko Katsina ko Kano.

Akwai kuma M103, mai silinda shida da lita 3 na Mercedes 300E da ta fito a 1985. Inji ne mai ƙwari da daɗin tafiya, amma tsarin injektansa na Bosch rabinsa na ƙarfe ne rabinsa na lantarki, kuma masu iya saita shi suna ƙara ƙaranci. Tsawonsa ma matsala ce ga gaban 504.

Toyota: suna a intanet, aiki a daji

Babu injin da matasa suka fi ambata kamar 2JZ, mai silinda shida da lita 3 na Toyota Supra ta 1993, wanda fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya ƙara wa suna. Nau'insa mai turbo biyu ne ya yi wannan suna, kuma masu neman sa a duniya sun sa ya yi tsada. Wanda aka fi samu a kasuwannin Afirka ta Yamma shi ne marar turbo na Lexus GS300 da IS300, wanda matsin fistoninsa ya kai goma bisa ɗaya ko fiye. Ɗora masa sufacaja da man da ba a tabbatar da ingancinsa ba kasada ce.

Injinan Land Cruiser sun fi dacewa da ƙasar. 1FZ-FE mai lita 4.5 na fetur ne, kuma sashen tsere na Toyota da kansa ya taɓa sayar da sufacajan da aka ƙera domin sa. Sai dai shan mansa ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. 1HZ kuwa, mai lita 4.2 na gazuwal da ya fito a 1990, shi ne dokin hanyoyin Agadas da hamada. An gina shi don juriya, da doki wajen 130. Da Toyota ta so mai turbo, sai ta fitar da 1HD-T da wani tsarin feshin mai da fistoni na daban. Wanda ya cusa wa 1HZ iska da mai fiye da kima yakan ƙare da fiston da ya tsage.

Mai, zafi da ƙura

Abubuwa uku ne bidiyon ƙasashen waje ba ya nunawa, kuma su ne ke yanke hukunci a Ɗan Issa.

Na farko mai. Injin da aka matsa wa iska yana buƙatar fetur mai jure matsi. Idan man bai kai ba, ragowar da ke cikin silinda sai ya fashe da kansa maimakon ya ci wuta a tsanake, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ce ke karya ringi ta huda fiston har injin ya buga. Shekara da shekaru yankin ya dogara da man kwalba da jarka da ake kira ruwa-ruwa, wanda ke tsallakowa daga Najeriya. Janye tallafin mai da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya girgiza wannan kasuwa, kuma Nijar na da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011. Amma man da ya kwana a jarka a rana, ko aka gauraya shi da kananzir, tsohuwar Fijo za ta haɗiye shi ta yi tari ta wuce. Inji mai sufacaja ba zai yafe ba.

Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Maraɗi kan haura digiri 40. Iskar da ta shiga da zafi, aka matsa ta ta ƙara zafi, ita ce ke gaggauta waccan ƙwanƙwasa. Na'urar sanyaya iska da babban lagireto mai fanka mai ƙarfi wajibi ne a nan, ko da mai bidiyon Jamus ya yi aikinsa ba tare da su ba.

Na uku ƙura. Fukafukan sufacaja suna juyawa ne dab da juna, da tazara siririya. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauye suna cinye su a hankali. Irin matatar iskar nan ta ado da ake bari a buɗe tana kyau a hoto, amma akwatin matata na asali ya fi ta amfani.

Kayan gyara da takardu

Rufe iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi a watan Agustan 2019, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai har zuwa Maris na 2024, sun koya wa garejojin yankin cewa abin da ke Kano yana iya yin nisa dare ɗaya. Injin da bel ɗinsa ko na'urar auna iskarsa sai an yi oda daga Dubai zai iya ajiye mota watanni.

Lambar inji kuma tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji ya riƙe rasiɗin saye da takardar duwan, ya kuma gyara takardar mallaka, tun kafin jandarma ko jami'in kwastan ya tambaye shi a shinge.

Kafin a biya kuɗi

Tsofaffin kanikawa na da tsarin da suke bi wajen duba injin da aka sauke daga jirgi. A auna matsin kowace silinda, a tabbatar sun yi kusa da juna. A buɗe murfin baƙin mai a duba ko akwai farin kumfa, alamar ruwa ya shiga. A zare fulogi a ga launinsu. A auna ƙarfin famfon baƙin mai bayan injin ya yi zafi, ba lokacin da yake da sanyi ba. Injin da ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, sufacaja zai gaggauta mutuwarsa ne kawai.

Daga nan sai a dubi sauran motar. Kuloci da giyabos da aksul an yi su ne daidai ƙarfin injin asali. Birki ya fi su muhimmanci: wasu nau'o'in 504 salun na da birkin faifai a ƙafafu huɗu, amma wagon da akori-kura na da birkin ganga a baya, kuma su ne suka fi yawa a hanyar kan iyaka. Mai hankali yakan fara kashe kuɗinsa a birki da tayoyi, inji ya biyo baya.

Idan aka auna komai, wanda ke son motar yawo mai amsa totur zai fi samun kwanciyar hankali da M111 Kompressor cikakke. Wanda ke son abin da kowane gareji daga Ɗan Issa zuwa Jibiya zai iya gyarawa ya tsaya kan injin Fijo mai lafiya, ya ƙara masa iska kaɗan ko ya bar shi yadda yake. Wanda kuma motar ce abincinsa, yana lodin fasinja da buhuna kullum, kuɗin sufacaja zai fi yi masa amfani a sabon lagireto, ringi da birki.