Gareji da ƙarin gini: me ke ɗaga kuɗin tsohon gida?

Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, ma'aikata masu motoci suka yawaita, tambayar mai saye ta farko ta koma: ina mota za ta kwana? Tsofaffin gidajen cikin gari kuwa da zaure aka gina su, ƙofarsu ta mutum ce da babur.

Shi ya sa masu sayarwa ke fasa zaure su mayar da shi gareji. Dabarar na ci idan layin na da faɗi, kamar a unguwar Gesse. A lungun da mota ba ta iya juyawa, asarar siminti ce kawai, ga baƙi an rasa inda za a sauke su.

A Argungu, gidan bakin titi ya fi samun daraja idan an fitar masa da shago, domin haya na shigowa duk wata. Ɗakin samari da rijiyar burtsatse ma suna taimakawa. Amma bulo a kan tsohon ginin ƙasa, damina ɗaya ke tona shi.

Mai gida, kafin ka kira magini, nemi izinin hukumar raya birane, ka kuma ji ta bakin dillalan unguwarku.