Hotunan Da Edita Bai Nema Ba

Tun da aka kafa jaridar Nigeria Standard a Jos cikin 1972, yawancin aikin mai ɗaukar hoton jarida bin gwamna ne da manyan baƙi. Amma in fim ya yi saura, sai ya gangara Terminus ya ɗauki 'yan dako, da masu tallar dankalin Turawa, da tsofaffin leburorin kuza. Irin waɗannan ba safai suke shiga jarida ba, sai dai akwati.

To, da gobara ta cinye Babbar Kasuwar Jos a Fabrairun 2002, su ne suka zama shaidar yadda take a da. Saboda haka, jama'a, duk wanda ya gaji akwatin tsofaffin hotuna, ya tsare shi daga danshi da gara. Tarihin talakawa ne a ciki.