Büsingen: Ƙauyen Jamus Da Ƙasar Suwizalan Ta Kewaye

A bakin kogin Rayin, can kudancin Jamus, akwai wani ƙauye mai suna Büsingen wanda duk mai son shiga cikinsa ta ƙasa, ko daga ina ya fito, tilas ne ya ratsa ta cikin ƙasar Suwizalan. Ƙauyen yanki ne na Jamus, dokar Jamus ce ke aiki a cikinsa, mutanensa kuma suna zaɓen wakilan majalisar tarayya da ke Berlin. Amma fa kuɗin da suka fi kashewa a kasuwa na Suwizalan ne, kuma dokokin kwastan na Suwizalan ne ke kansu. Yadda wannan ƙaramar hukuma take tafiyar da al'amuranta tsakanin gwamnatoci biyu abin nazari ne ga ma'aikatan gwamnati da ɗaliban ilmin mulki.

Yanayin ƙasar

Faɗin Büsingen bai wuce murabba'in kilomita 7.6 ba, yawan jama'arsa kuwa wajen mutum 1,500 ne. Yana cikin lardin Konstanz na jihar Baden-Württemberg, ɗaya daga cikin jihohi 16 na Tarayyar Jamus. Ta kudu kogin Rayin ne ya yi masa iyaka, a ƙetaren kogin kuwa akwai jihohin Thurgau da Zurich na Suwizalan. Ta sauran sassan jihar Schaffhausen ce ta rungume shi, babban birninta ma, wanda shi ma Schaffhausen ake ce masa, yana manne da ƙauyen ta yamma.

Tsawon iyakar ya kai kimanin kilomita 17, an kuma kafa duwatsu 123 don nuna ta, na farkonsu yana cikin ruwan kogin. Abin mamaki shi ne tazarar da ta raba Büsingen da sauran ƙasar Jamus, a inda ta fi ƙanƙanta, wajen mita 700 ce kacal. Wannan ɗan zirin ƙasa na ƙauyen Dörflingen ne na Suwizalan. Gonaki da daji su suka cinye mafi yawan filin Büsingen, amma akasarin masu aikin albashi a Schaffhausen da kewayenta suke samun abincinsu.

Satar hakimi

An fara ambaton sunan ƙauyen a rubuce a shekarar 1090, sa'ad da wani basarake na gidan Nellenburg ya ba da shi kyauta ga gidan ibada na Allerheiligen da ke Schaffhausen. Daga baya ikon yankin ya koma hannun sarakunan Ostiriya, su kuma suka bar riƙon ƙauyen a hannun wani babban gida na Schaffhausen mai suna Im Thurn.

A shekarar 1693 aka yi abin da ya yanke wa ƙauyen makomarsa. A zamanin nan gaba ta yi tsanani tsakanin ɗarikun Kirista biyu, watau Katolika da Furotesta. Mutanen Schaffhausen Furotesta ne, Ostiriya kuwa Katolika. Aka zargi hakimin Büsingen, Eberhard Im Thurn, da cewa zuciyarsa ta karkata ga Katolika. Sai danginsa na jini suka sace shi, suka kai shi Schaffhausen, inda aka yanke masa hukuncin ɗauri. Ostiriya ta ɗauki wannan a matsayin cin mutunci, domin an kama bara nata a cikin ƙasarta. Ta yi ta matsa lamba har aka sake shi a shekarar 1699, bayan ya shafe shekara shida a kurkuku.

Ostiriya ba ta manta ba. A shekarar 1723, da Schaffhausen ta sayi ikon ƙauyukan da ke kewaye, sai aka ware Büsingen aka hana ta. A shekarar 1770 kuma Ostiriya ta sayar wa Zurich ƙauyukan Dörflingen da Ramsen, ta haka Büsingen ya zama tsibiri a tsakiyar ƙasar Suwizalan. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon aka miƙa shi ga masarautar Württemberg bisa yarjejeniyar Pressburg ta 1805, sa'an nan ga Baden a 1810. Ta wannan hanya ya faɗa cikin Jamus lokacin da ƙasar ta haɗe a 1871.

Wannan zama ya taɓa kusan haddasa rikici. A watan Yuli na 1849, sojojin Hessen da aka turo murƙushe tawayen Baden suka shiga jirgin ruwa suka biyo kogin zuwa Büsingen don kama waɗanda ake tuhuma, ba tare da neman iznin Suwizalan ba. Suwizalan ta ce an keta mata iyaka, ta tare musu hanyar komawa, sai bayan kwanaki ana shawarwari suka samu fita.

Ƙuri'ar da ba ta yi aiki ba

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, a shekarar 1918, aka nemi jin ra'ayin mutanen ƙauyen, kashi 96 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka zaɓi komawa Suwizalan. Amma Jamus ba ta yarda ta ba da ƙasa ba sai da musaya, Suwizalan kuwa ba ta sami wani yanki da ya dace ta bayar ba. Maganar ta mutu a nan.

Abin da ya daidaita zaman shi ne yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 1964, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 1967. Bisa ga wannan yarjejeniya Büsingen ya ci gaba da zama ƙasar Jamus ta fuskar siyasa, amma aka sanya shi cikin yankin kwastan na Suwizalan. Dokokin Suwizalan game da shigo da kaya, da harkar noma, da wasu sassan kiwon lafiya su ne ke aiki a can, kuma 'yan sandan ƙasashen biyu kowa yana da hurumin da aka iyakance masa. Saboda haka ne, ko da yake Jamus tana cikin Tarayyar Turai, Büsingen ba ya cikin yankin kwastan na Tarayyar.

Alamun wannan zama biyu suna ko'ina. Ƙauyen yana da lambar gidan waya biyu, 78266 ta Jamus da 8238 ta Suwizalan, haka kuma layukan tarho na ƙasashen biyu. Motocinsa suna da tasu lamba ta musamman, BÜS, don sauƙaƙa wa ma'aikatan kwastan aiki. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙauyen a gasar Suwizalan take wasa. A shekarar 1980 ma, da Jamus ta Yamma ta tura agogonta gaba da sa'a ɗaya a lokacin bazara alhali Suwizalan ba ta yi ba, Büsingen agogon maƙwabtansa ya bi.

Tsarin hukumar gari

Jamus tana da ƙananan hukumomi irin wannan sama da 10,000, waɗanda ake kira Gemeinde da Jamusanci. Sashe na 28 na tsarin mulkin ƙasar ya ba su ikon gudanar da dukan al'amuran jama'arsu da kansu, muddin ba su saɓa wa doka ba. A farkon shekarun 1970 jihar Baden-Württemberg ta haɗe ƙananan hukumominta, suka ragu daga sama da 3,300 zuwa wajen 1,100, amma Büsingen ya tsira da hukumarsa.

Bisa dokar jihar, jama'a ne da kansu ke zaɓen magajin gari, wa'adinsa shekara takwas. Shi ne shugaban majalisa, shi ne shugaban ma'aikata, shi ne kuma wakilin gari a gaban sauran hukumomi. A shekarar 2020 aka zaɓi Vera Schraner a wannan muƙami. Majalisar gari mai yawan jama'a irin na Büsingen tana da kansiloli goma, ana zaɓensu duk shekara biyar. Kansilolin ba ma'aikatan albashi ba ne, kowa da sana'arsa, ɗan alawus kawai ake ba su. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, su tsara inda za a yi gini, su kula da hanyoyin cikin gari, da ruwan sha, da gidan renon yara, da ginin makarantar firamare. Ayyukan da suka fi ƙarfin ƙauye, kamar rajistar motoci da manyan hanyoyi, suna hannun lardi da jiha. Yaran da suka gama firamare kuwa, iyayensu ke zaɓa musu ko makarantar Jamus ko ta Suwizalan.

Ta wajen kuɗin shiga, harajin sayayya da ake biya a ƙauyen na Suwizalan ne, ita kuma takan mayar wa hukumar garin wani kaso. Wannan kuɗi ya taimaka wa Büsingen ya zama cikin 'yan tsirarun hukumomin Jamus da suka yafe wa jama'arsu harajin fili da gida.

Matsalar da ta rage

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Mazaunin Büsingen yana sayen abinci da sauran kayan masarufi a kan farashin Suwizalan, wanda ya fi na Jamus tsada ƙwarai, amma harajin albashinsa Jamus yake biya wa, wanda ya fi na Suwizalan nauyi. Gwamnatin tarayya ta ba su rangwame na musamman, duk da haka matashi mai iyali yakan ga cewa in ya ƙaura zuwa ƙauyen da ke gaba kaɗan, cikin Suwizalan, abin da zai rage masa a ƙarshen wata ya fi yawa. Da yawa sun ƙaura, waɗanda ke shigowa kuma galibi masu cin fansho ne, har ƙauyen ya zama cikin waɗanda tsofaffi suka fi yawa a jihar.

Majalisar kansiloli goma tana iya gina gidan renon yara, ta ware filaye, ta rage kuɗaɗen da take karɓa don jawo matasa. Dokar harajin albashi kuwa a Berlin ake yin ta, gyaran yarjejeniyar 1964 kuma sai gwamnatocin ƙasashen biyu sun zauna. Abin da ya rage ga hukumar garin shi ne ta riƙa kai kuka ga lardi, da jiha, da tarayya, da kuma kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu, tana neman a ƙara rangwamen gwargwadon yadda tsadar rayuwa ke ƙaruwa.