Tsarin RAID da Kwafin Faifai: Wanne Ya Fi Tsare Bayanan Kwamfutar Gida?

Manufar wannan takarda ita ce mu bambance wasu hanyoyi biyu da akan ɗauka abu ɗaya ne, har a yi asarar rubuce-rubucen shekara da shekaru.

Hanya ta farko ita ce RAID, watau tsarin haɗa faifai da Patterson da Gibson da Katz na Jami'ar Kalifoniya suka bayyana a takardarsu ta 1988. A RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya, nan take ake rubuta shi a na biyu. RAID 5 kuwa yana bukatar faifai 3 ko fiye, kuma yana jure mutuwar ɗaya. Amfanin tsarin shi ne aiki ba ya tsayawa in faifai ya lalace. Amma in aka share fayil bisa kuskure, ko muguwar manhaja ta kulle bayanai, ɓarnar takan faɗa wa faifan gaba ɗaya. Haka nan in ɓarawo ya ɗauke kwamfutar.

Hanya ta biyu ita ce a kwafe faifai ɗungurungum, da manhaja irin Clonezilla, zuwa wani faifan da za a cire a adana daban. Illarta ita ce abin da aka rubuta bayan ranar kwafi ba ya ciki.

Saboda haka, a ganinmu, mai kwamfutar gida ya fara da kwafi, ya riƙa sabunta shi kowane mako, ya kuma jarraba shi. RAID maganin tsayawar aiki ne, ba ma'ajiya ba.