Me ya sa ake cewa hikima ta fi dukiya, alhali duk nema ya kawo mu Kudu?

Duk wanda ya baro gida ya sauka Legas, Ibadan, Anacha ko Fatakwal, nema ya kawo shi. Babu mai hawa tirelar shanu kwana biyu don yawon buɗe ido. Shi ya sa idan fasto ya ce hikimar Allah ta fi dukiya, wasu matasanmu kan ji abin kamar zancen wanda ya riga ya ƙoshi. Maƙwabtanmu Musulmi a kara su ma kan tambaye ni: wai wanne ne naku, wannan ko wancan da muke gani a allunan bakin titi, inda ake alkawarin mota da gida? Bari in yi bayani gwargwadon yadda aka koya mana.

Littafi Mai Tsarki bai zagi dukiya ba. Ibrahim mai garke ne, da azurfa da zinariya. Ayuba kuwa an lissafa masa tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun huɗa 500 bibbiyu da jakuna 500. A ba dillali ya buga wannan da farashin yau mu ji! Abin da Bulus ya ja wa Timoti kunne a kai shi ne son kuɗi, wato kuɗi su zama ubangidan mutum.

To mece ce hikimar? A nan ake rikicewa, don wasu na ɗauka boko ce, wasu kuma wayo. Ni da kara na fi gane ta. Babana yana iya zagaya sa sau ɗaya, ya taɓa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya faɗa maka naman da mahauci zai samu, da wuya ya kuskure. Wannan shi muke kira ido. Mai jari marar ido kan cika tirela da shanu masu ciwo, kafin a sauke su a Oko-Oba rabi sun kwanta. Mai ido ko jarinsa ya karye, fatake za su ba shi kaya bashi ya tashi. Hikimar da ake nufi ido ce irin wannan, sai dai abin da take dubawa shi ne rayuwa: me Allah yake so, me zai ɗore, wace riba ce ƙarshenta asara. Kuma littafin Karin Magana ya nuna daga tsoron Ubangiji take farawa.

Labarin da aka fi kafa hujja da shi na Sulemanu ne, a 1 Sarakuna sura 3. Yana sabon sarki, Allah ya bayyana gare shi cikin mafarki a Gibeyon, ya ba shi zaɓin abin da zai roƙa. Bai nemi dukiya ko tsawon rai ko ran maƙiyansa ba, ya roƙi zuciyar da za ta rarrabe nagarta da mugunta don ya yi wa jama'a shari'a daidai. Allah ya ba shi, ya kuma ƙara masa da dukiya. Wasu masu wa'azi a nan suke tsayawa, su mai da labarin dabarar kasuwa: Sulemanu ya miƙa hadaya 1,000, kai ma ka zuba mai yawa ka kwasa. Ni dai na ga an juya labarin ne a bai-bai. Don jama'a ya yi roƙon, ba don aljihunsa ba. A kuma karanta har sura 11 da 12: da zinariya da mata suka yi yawa zuciyarsa ta karkace, ya ɗora wa talakawa aikin dole, yana mutuwa mulkin ya tsage biyu a hannun ɗansa Rehobowam.

Wa'azin arziki ya daɗe da kafuwa a Kudu. Sunan da aka fi dangantawa da farkonsa a Najeriya shi ne Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998. Ba zan ce duk mai bin wannan layi macuci ba ne, kuma talauci ba ado ba ne da za a yi ta yabonsa. Damuwata ita ce ƙaramin mai nema: mai gadi, ɗan acaɓa, yaron da ke jan shanu zuwa kwata. A ce masa ya "shuka iri", ya ɗauki ɗan jarin da ya tara wata shida ya zuba, iyali na can gida suna jiran kuɗin taki. In abin bai dawo ba a ce bangaskiyarsa ce ta yi kaɗan, ya rasa kuɗi, ya kuma koma zargin kansa. A Ayyukan Manzanni sura 8, wani Siman a Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Baiko da zakka godiya ce, ba adashi ba.

Ta yaya kenan za a gane Kirista na girma? Wasiƙar Yakubu, sura 3, ta siffanta hikimar da ke zuwa daga sama, kuma duk siffofin na hali ne: tsabtar zuciya, son zaman lafiya, sauƙin kai, jinƙai, rashin fuska biyu. Babu ko ɗaya da ake gani a asusun banki. A kara kuwa ana ganinsu kullum. Saniya na da ciwon da allura ta ɓoye, za ka faɗa wa mai saye ko za ka yi shiru? Bafatake ya bar maka shanu goma ya koma Potiskum, farashi ya tashi bayan tafiyarsa, wane lissafi za ka ba shi? Yaronka ya yi wata uku, ka biya shi kafin ka kai baiko mai kauri a gan ka?

Akwai wani Agur a Karin Magana sura 30 da ya roƙi kada a ba shi talauci ko arziki, sai abin da zai ishe shi, don yana tsoron ƙoshi ya sa ya manta da Allah, yunwa kuma ta sa ya yi sata. Ban taɓa ganin wannan addu'a a allon bakin titin Legas zuwa Ibadan ba, amma dattawanmu a sujadar Hausa har yau suna karanta ta ga yaran da suka sauko daga gida.