Windows da Linux a Kwamfuta Ɗaya: Wa Ke Riƙe da Ƙofa?

Ɗalibi ɗan Kademi da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil yana buƙatar Windows don rubuce-rubucen makaranta, yana kuma buƙatar Linux don koyon rubuta manhaja. Kuɗin kwamfuta biyu kuwa babu. Ga shi tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci na hannu da ake saye a titin Beirut a Kano, da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Dabarar ita ce a zaunar da tsarin biyu a na'ura guda.

Sirrin aikin yana ga wata ƙaramar manhaja da ke farkawa da zarar an kunna kwamfuta. A Linux sunanta GRUB, kuma tamkar zaure take: nan baƙo ke tsayawa ya zaɓi sashen da zai shiga. Shi ya sa ake fara saka Windows, sannan Linux ya biyo baya. In aka yi akasin haka, Windows yakan mamaye ƙofar, alhali GRUB yana iya nemo maƙwabcinsa Windows ya saka shi a jerin zaɓi. Idan Windows bai fito a jerin ba, a duba os-prober, manhajar da ke nemo wa GRUB maƙwabcin, domin tun fitowar GRUB 2.06 a 2021 a kashe yake zuwa sai an kunna shi.

Wajibi ne su biyun su bi hanyar tashi ɗaya, ko UEFI ko tsohuwar BIOS. A kashe Fast Startup na Windows, a adana mabuɗin BitLocker da ke kulle faifan Windows, a kwafe takardu a filashi. Kada a soma raba faifan kwamfutar tsakanin tsarin biyu sai batiri ya cika, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya lalata komai.

Sai batun agogo. Linux yana ajiye lokacin duniya na UTC a agogon na'urar, Windows kuwa ya ɗauka lokacin gida ne, don haka a Najeriya agogon Windows yakan koma baya da awa ɗaya. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Linux yana daidaita shi, kafin mutum ya makara lacca ko ya rasa jam'i.